Na Ga Aibin Gilashin Ƙanena, Na Kasa Buɗe Baki

Malama, don Allah ki taimake ni, zuciyata na neman kai ni inda ban shirya zuwa ba.

Ni mai ɗaukar hoto ne da siririn fim na naɗi, wanda sai an wanke ake ganin abin da aka ɗauka. Ni na koya wa ƙanena aikin, tun bai san gaban kyamara da bayanta ba. Ni na nuna masa cewa siririn fim ba ya yafe sakaci: a ba shi haske wadatacce, a goge tagar cikin kyamara, inda haske ke faɗa wa fim, kafin kowane naɗi, don in aka haska shi a faffaɗan allo, gashi guda sai ya koma igiya. Yau ga shi hotonsa tas, nawa kuwa wai “yashi ya yi masa yawa”, wato ɗigo-ɗigon da ke dushe hoto. Daraktan da muka daɗe tare ne ya faɗa, a gabana, a gaban kowa. Har mahaifiyarmu, da ba ta taɓa tambayar aikina ba, yanzu “autana mai fim” take cewa. Wallahi ina jin haushinsa. Ko dariyarsa na ji sai raina ya ɓaci.

To, shi aka ba aikin ɗaukar tsohuwar masaƙar da za a rushe mako mai zuwa. Ya kai kyamararsa an faɗaɗa tagar don hoton ya yi faɗi. Amma wurin leƙawa yana nan yadda yake, ba ya nuna gefen da aka ƙara. Na duba gilashin da zai ɗaura a bakin kyamarar, na san shi sarai: ba ya cika faɗin nan, kusurwoyi za su fito baƙi ƙirin. Ba zai gane ba sai an wanke, lokacin kuwa masaƙa ta zama fili. Ina da gilashin da ya dace a jakata. Na buɗe baki, na ji ya rufe da kansa. Ai ba ni na ɓata masa ba, ko? Tunda shi ne gwani, ya gano mana!

Yaya Mai Ƙunar Zuci

Ɗan'uwa, ciwonka gaskiya ne. Darakta bai kyauta ba da ya kushe ka a bainar jama'a, ƙanenka kuma ya kamata ya riƙa faɗin wanda ya koya masa. Sai dai bai ƙwace maka komai ba; abin da ka koya masa ne ya riƙe da kyau.

Kada ka kwana da wannan. Kai masa gilashin yau, ku ɗauki farin bango da gilasan biyu, a wanke gwajin kafin ranar aiki. Kai ma ka gwada fim mai son haske da yawa, yashin zai ragu. Sannan ka sami darakta ku kaɗai, ka gaya masa maganarsa ta yi maka zafi.

Ka ce ba kai ka ɓata ba. Haka ne. Amma in ka yi shiru, ranar da za a haska fim ɗin ƙanenka zai waiwayo cikin duhun zauren yana neman fuskar yayansa, ya tambaye ka me ya faru. Wace amsa ka tanada?

Allah ya sanyaya maka zuciya, ya bar zumunci.