Ba a Kira Mai Katifa Ba

Zuwa ga 'yata, Malamar Kasuwanci,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mahaifiyarki Yaya da duk mutanen gida. Ni ma lafiya ƙalau, sai hidimar shago, wadda ba ta ƙarewa ga mutumin da gari ya sani.

Saƙonki ya iso. Na ce a rubuce zan ba ki amsa, a kan takardar shagona mai hoton katifa, domin maganar waya iska ce, ni kuwa ba na ƙulla magana da iska. Kin ce in zo ajinki ranar Laraba in ba yara labarin yadda na fara sana'a, saboda kina cikin watannin gwaji, kuma shugabar makarantarku tana son ganin abin a-zo-a-gani kafin ta sa hannu a takardar tabbatar da ke a aiki. To ki kwantar da hankalinki. Ki ɗauka an riga an sa hannun.

Na duba littafin da kika aiko mini. Wallahi yaran nan sun ba ni tausayi. Shafi guda cur a kan ma'anar mai saye! Mai saye ai shi ne wanda zai shigo yana kushe kayanka, idonsa kuwa bai bar kansu ba. Shi ke nan, sauran shafin ɓarnar tawada ce. Ni a aji uku na sakandare na ajiye biro, na fara da tallar matashin kai a kafaɗa, rana ta dafa ni, ruwa ya wanke ni. Yau babu mai digiri a unguwar nan da ba a kan katifata yake mafarkin ƙarin girma ba.

Kin ce kada in wuce rabin darasi. Za mu gani. A tanadar mini kujera mai hannu, ba ta roba ba. Kuma ki yi wa mai gadinku bayani tun wuri, kada in zo ya tsaya tambayata wa nake nema.

Ki gaishe da Yaya. Na bar ki lafiya.

Kawunki,
Mai Katifa

*

Kawu,

Ina gaishe ka da girmamawa, da fatan ka koma shago lafiya. Umma tana gaishe ka, ko da yake ba ta san abin da nake rubutawa ba.

Na gode da zuwanka. Ban taɓa ganin ajina ya yi tsit haka ba, har masu barcin layin baya suka tashi zaune. Labarin tallar matashin kai ya shige su ƙwarai. Da a nan ka tsaya, Kawu, da godiya zalla zan rubuto.

Amma sai ka goge abin da na rubuta a allo, ka ce ciniki dokarsa biyu ce: kada ka yarda da farashin farko, in kuma mai kaya ya ƙi, ka juya ka tafi a hankali, zai kira ka. Ka sa su gwaji layi-layi daga teburina zuwa ƙofa, kana gyara musu tafiya: “Kai, rage sauri! Da wannan gudun ko uwarka ce mai kayan ba za ta cim maka ba.” Malamin lissafi ya zo da allinsa ya tsaya bakin ƙofa, ka ce ya jira, ba a katse ciniki.

Ga abin da ya biyo baya. Washegari na ba su aikin gida, wata yarinya ta ce, “Malama, ya yi tsada, a rage mana.” Na raba takardun gwaji, shugaban aji ya dubi makinsa ya ce, “Haba Malama, ko gyara babu?” Na ce babu. Sai ya miƙe, ya rataya jaka, ya nufi ƙofa yana jan ƙafa kamar mai targaɗe. Rabin aji suka bi shi. Ni ban kira su ba, don ban ga abin da zan kira su in ba su ba. Su kuma ba su dawo ba, don ka ce wanda ya waiwaya ya faɗi. Haka shugaba ta zo ta same su jere a baranda, kowa ya juya wa ajina ƙeya.

Abin har ya tsallaka wasu azuzuwa. Jiya malamin horo ya ce wani makararre ya share fili, yaron ya taya rabin fili.

Shugaba ta kira ni ofis. Ta ce in dawo da ajin hayyacinsa kafin ƙarshen zango, in ba haka ba za ta sake tunani a kan takardata. Kawu, ka san yawon da na sha da fayil a hammata kafin in samu aikin nan. Don Allah kada ka sake zuwa ajin. Zan lallaɓa abina.

Ka huta lafiya.

'Yarka

*

'Yata,

Gaisuwa da fatan alheri. Na karanta wasiƙarki, na karanta wa maƙwabcina mai labule. Ya yi dariya har da hawaye, ya ce shugaban ajin nan a ajiye masa shi in ya gama makaranta. Kin ga yara sun ɗauki darasi a zama ɗaya. Littafinku ya taɓa yin haka?

Abin da ya ɓata mini rai shi ne kalmar “lallaɓa”. Kayan da ake lallaɓa mai saye a kansu, ƙarshensu bakin titi, rana ta cinye musu launi. Kuskurenki ɗaya ne: kin bari matar nan ta gane kina son aikin.

Saboda haka yau da safe na je da kaina. Aji kika hana ni, ba ki ambaci ofis ba. Na sa kayan da nake zuwa banki da su, na shiga, na zauna ban jira a ce in zauna ba. Na ce, “Ranki ya daɗe, yarinyar nan wata babbar makaranta ta matsa mana lamba a kanta, da mota, da ofis mai na'urar sanyi. Mu ne muke ta ba su haƙuri saboda kunyarki. In ba za a sa hannu yau ba, to mun gode.”

Ta cire tabarau ta dube ni, ta ce, “Haka ne?” Na ce haka ne. Ta ce, “To Allah ya sa alheri.”

Kada gabanki ya faɗi, ni ma haka nake ce wa mai saye. Na miƙe, na gyara hula, na fita da tafiyar da ban taɓa yin mai kyanta ba. A baranda na tsaya karanta allon sanarwa, har da jadawalin shara. A gindin bishiya na tsaya kakkaɓe takalmi. A bakin ƙofa na tambayi mai gadi lafiyar iyalinsa ɗaya bayan ɗaya, ashe kuma Allah ya ba shi zuri'a. Ba ta kira ba. Gaskiya matar ta iya, da a layinmu take da na yi hattara da ita. Amma na san irinsu, ba sa kira da baki, aikowa suke yi.

Ke dai gobe ki yi zamanki a gida. Katifar da aka ɗauke daga gaban shago ita ake cigiya. Kuma ba sai Yaya ta ji ba tukuna, kin san ta da ɗaga murya.

Kawunki mai tsaya miki,
Mai Katifa

*

Zuwa ga Mai Shagon Katifa,

Bayan gaisuwa ta girmamawa. Na rubuto ne domin in tabbatar da maganar da muka yi a ofishina. Na fahimci cewa malamar darasin kasuwanci ta samu wurin da ya fi namu, kuma kai iyali suka wakilta ka sanar da mu. Muna taya ta murna. Mota da na'urar sanyi sun fi ƙarfinmu. Ni kaina fankar ofishina sai an tura ta da rula take juyawa.

Ina roƙon ka aiko mini da sunan makarantar, domin in rubuta musu shaidar aikinta. Shaidar za ta yi kyau, don malama ce mai ƙwazo, kuma dama niyyata in tabbatar da ita da zarar ajin ya natsu. Ranar Litinin za mu fitar da sanarwar neman wanda zai maye gurbinta.

Mai gadi ya ce ka daɗe a bakin ƙofa kana dafe da ƙarfe, har ya kawo maka kujera. Ina fatan jiki da sauƙi.

Wassalam,
Shugabar Makaranta

*

Kawu,

Ina gaisuwa, don an koya mini gaishe da manya ko da raina a ɓace.

Ban zauna a gida ba. Ina shiga ɗakin malamai aka rufe ni da “Allah ya sanya alheri”. Malamin lissafi har ya ja ni gefe yana tambaya ko sabuwar makarantar tana neman mai lissafi. Shugaba ta ce in ƙarasa makon nan, in miƙa rajista da makullin kabad. Na buɗe baki zan ce ƙarya ne, sai na tuna bakin da maganar ta fito, na kasa ƙaryata kawuna a gaban mutane. Na ce na gode.

Wace makaranta, Kawu? Wace mota? Ni da nake fita da takalmi biyu, ɗaya na tafiya, ɗaya na shiga aji?

Umma ta ji, don ta same ni ina kuka a kicin. Ta ce tun kana yaro haka kake, ka yi fushi ka ture kwanon abinci kana jira a roƙe ka, ita kuwa ta ja kwanon ta cinye. Ta ce a gaya maka kada ka tako mata gida sai da takardata a hannunka.

Litinin ba nisa.

'Yarka

*

Zuwa ga Shugabar Makaranta,

Ranki ya daɗe. Bayan gaisuwa mai yawa da jinjina a kan ƙoƙarin da kike yi da 'ya'yan jama'a. Jikina lafiya lau. Ƙarfen ƙofarku nake dubawa, waldar ba ta yi ba, in kina so in turo miki mutumina.

Game da makarantar nan, an samu canji. Mun zauna mun duba, ashe motar tasu ta sha jiki, kuma ofishin yana kusa da banɗaki. Saboda haka a shirye muke mu sake sauraron tayinki, saboda zumunci.

Ranki ya daɗe, na ajiye biro a nan, na sha ruwa, na karanta abin da na rubuta, sai na ga har yanzu ciniki nake yi. Ba zan yaga takardar ba, don mai hoto ce. Bari in faɗi magana yadda take. Babu makaranta, babu mota. Yarinyar ba ta aike ni ba, hana ni ma ta yi. A sana'ata in mutum ya tafi ba a kira shi ba, katifa ɗaya ce ta kwana a shago, gobe wani zai zo. Ban tsaya na lura cewa abin da na ɗora a teburinki ba kayana ba ne.

Tun da nake ban taɓa juyowa ba a kira ni ba, ki tambayi duk layinmu. Yau ga ni na juyo. Ki faɗi farashinki, ba zan taya ba.

In kuma ɗakin jinyar makaranta yana buƙatar katifa, akwai wata mai kauri da ba ta lotsawa. Wannan ba toshiya ba ce, talla ce.

Ina jiran amsa, kafin Litinin don Allah.

Naki cikin girmamawa,
Mai Katifa

*

Zuwa ga Mai Shagon Katifa,

Bayan gaisuwa. Katifa ta yi zamanta a shago.

Na dakatar da sanarwar zuwa Laraba. Ga farashina: ka dawo ajin nan ka ba su darasi na biyu, wato abin da mutum zai yi idan ya tafi ba a kira shi ba. Abin da ka rubuto mini shi za ka faɗa musu da bakinka. Zan zauna a layin baya. In aji ya dawo daidai, a ranar zan sa hannu.

Malamar ta roƙi a ɗauke mata shiga ajin a lokacin, ta ce ba za ta iya kallo ba. Na amince. Rabin darasi ne, kuma malamin lissafi zai riƙe agogo.

Wassalam,
Shugabar Makaranta

*

'Yata,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarki tana aljihuna, da sa hannu da hatimi.

Na yi darasin, a tsaye. Na faɗa musu komai, ban rage ba. Shugaban aji ya ɗaga hannu ya ce, “Baba, to yanzu mu riƙa tafiya ko mu daina?” Na ce ka tafi ka bar abin da za ka iya kwana babu shi, amma ba abin wani ba. Ya ce, “Maki fa?” Na ce irin makinka ko kyauta babu mai ɗauka, zauna ka yi karatu. Aka yi masa dariya, ya zauna. Babu wanda ya nufi ƙofa.

Sai wata 'yar ƙarama a layin gaba ta ce, “Baba, ka ji kunya?” Shugaba ta gyara tabarau a layin baya. Ina cikin gyaran murya malamin lissafi ya ce lokaci ya cika. Mutumin kirki ne, ban san me ya sa da ban gane ba.

Zan zo da yamma. Ki tsaya kusa da ƙofa, ke za ki buɗe, ba Yaya ba.

Kawunki,
Mai Katifa