Sirdin Yaya Jibrin

Tudun Wada, Sakkwato, 1976

Zuwa ga Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da Kulu da yara. Ya ƙarin haƙuri?

Ni lafiya lau. Ina zuwa aiki Kalambaina, ina dawowa, ina cin abinci idan na tuna.

Tsohon keken marigayi Yaya Jibrin da kika ba ni, na kai an gyara, an sa sabuwar kaca da tayoyi. Abokan aikina duk sun koma babur, amma ran Lahadi masu keke kan yi tsere a hanyar burji. Na shiga, na faɗi kan tsakuwa. Gwiwa ce kawai ta ƙuje, kada ki damu. Sai da na ga jini ma na lura.

Malam Yari mai gyara ya ce, "Sirdin ga ya yi maka tsawo, da ƙyar ƙafarka ke kai feda. Kawo in sauke shi." Har ya ɗauko sifana, na riƙe masa hannu. Yaya ne ya ɗaure shi daidai tsawonsa.

A aiko mini da man kaɗanya, in shafa a gwiwar, don Lahadi zan koma tseren. Ki sa mini albarka. Ki gaya wa Kulu sirdin yana nan yadda mijinta ya bar shi.

Ɗanki,
Sodangi