Na Ci Jarrabawar Dillanci, Mijina Ya Kai Ƙarata

Goggo Nevenka, ki taimake ni, kaina ya ɗaure. Shekara ashirin da bakwai muna tare da mijina Frane a nan Zadar. Tun da ya bar aikin jirgin ruwa yake sayen tsofaffin gidaje, ya gyara, ya saka masu yawon buɗe ido da rani, wani lokaci ya sayar. Ba abin da ke ƙona masa rai kamar la'adar dillalai. Sai ya ce shi ma zai yi lasisin dillanci ya huta. Ni nake riƙe masa littafi ina yi masa tambayoyi ina gyaran kifi. Da yake yana tsoron zaman aji shi kaɗai, na yi rajista don in raka shi kawai. Goggo, na ci jarrabawar. Shi ya faɗi. Ya sake zama, ya sake faɗuwa, har sau uku.

Tun daga nan ya daina kirana Jasna, sai Malama Dillaliya. In yana son magana da ni sai ya turo saƙo ya nemi in ba shi lokaci, alhali muna zaune a kan kujera ɗaya. Na haƙura. Sai a watan jiya ya ba ni wani gidansa in sayar. Bangon ɗakin kwana yana tsatsafar da ruwa, ya shafe shi da fenti. Wasu ango da amarya suka zo gani, amaryar da tsohon ciki, tana nuna inda za ta ajiye gadon jariri, daidai jikin bangon nan. Bakina ya kasa yin shiru, na faɗa musu. Ciniki ya watse.

Frane ya ce na ci amanarsa. Ya rubuta takardar ƙara zuwa ƙungiyar dillalai, sannan ya kawo mini in duba masa, wai na fi shi sanin doka. Na gyara masa kurakurai huɗu, har ya gode. Ni na kai ta gidan waya, saboda gwiwarsa na ciwo. Yanzu an kira mu zama ranar Talata, kuma yana tambaya ko mota ɗaya za mu shiga. In mayar da lasisin nan ne a zauna lafiya? Gaskiya na fara jin daɗin aikin.

Dillaliya Ba Da Niyya Ba

’Yar’uwa, kada ki mayar da komai. Abin da kika faɗa wa matar nan shi ne daidai, kuma ina kyautata zaton masu zaman za su gane haka. Da kin yi shiru, da ƙarar da za ta biyo baya ba ta wasa ba ce, kuma da sunan Frane a ciki.

Amma ki duba nasa ɓangaren. Mutumin da ya iya gane gida mai kyau tun daga bakin titi ya faɗi sau uku a gaban matarsa. Ba bango ne ke damunsa ba, kunya ce. Kin kuma yi kuskure ɗaya: shi ya kamata ki fara gaya wa cewa ba za ki ɓoye ba, kafin baƙi su shigo.

Ku shiga mota ɗaya. A hanya ki faɗa masa wannan kuskuren da bakinki, ki tambaye shi ko zai janye. Daga yau kada ki ƙara karɓar gidansa, ki haɗa shi da wani dillalin, ke ki nemi naki mutanen. Bangon kuwa a kira magini, ba mai fenti ba. In ya ce zai zauna jarrabawar karo na huɗu, wani ya riƙe masa littafin.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya sa albarka a sabuwar sana'arki.