Zoben Goggo da Kwanukan Dubiya

Asabar, 5 ga Maris, 2011

Na raka Goggo Zubaidatu asibiti. Ta ce tunda na gama karatun abinci da lafiya a jami'a kuma ban sami aiki ba, to ga aiki. Na tuna mata ni ba likita ba ce. Muna shiga ta ce wa likitan, "Ga daktora Zakiya, 'yar ƙanena." Kamar ƙasa ta tsage in shige.

Abin da hoto ya nuna: zoben da aka ɗaure mata bakin tumbi da shi shekara huɗu da suka wuce, don rage ƙiba, ya zame daga wurinsa. Shi ya sa duk abin da ta ci yake dawowa. Ranar 20 za a cire shi, a yanke yawancin tumbin a bar siriri, aikin da suke kira takmim. Daga gobe sai abu mai ruwa-ruwa, don hanta ta ragu a sami wurin aiki. Bayan aikin kuma, likita ya ce loma ɗaya mai tauri tana iya ɓarka ɗinkin. Sau biyu ya faɗa. Goggo tana duba zanen lallenta.

A tasi ta ce in daina cewa tumbi, ita ba tunkiya ba ce. Kuma ko da wasa kada kowa a unguwarmu, Hindawiyya, ya ji. Matar da take girkin kowane biki a unguwa, a ce sai da aka ɗaure mata ciki don ta kasa kame bakinta? Abin da za a faɗa wa mutane: gyambon ciki.

Ba gyambon ciki ba ne. Na rubuta a nan ko zan ji sauƙi.

Litinin, 7 ga Maris

Na dawo gidan Goggo da kwana. Ta ce fura ruwa ce. Na ce ba irin wannan ruwan ba. Ta ce ma'asub fa, in aka dama shi da madara sosai? Ayaba da burodi da kirim da zuma.

Alhamis, 10 ga Maris

Labarin gyambon ciki ya zaga unguwa, an fara zuwa dubiya, kuma ba mai zuwa hannu sake. Waina, sambusa, mutabbak, wato soyayyen kwaɓin fulawa mai nama da ƙwai a ciki, da salik, shinkafa mai madara, da kaza a kwance a kai. Wannan ne ban lissafa ba. A wurinmu kwanon dubiya ba ya komawa da abinci, in ya koma an yi faɗa ke nan ba tare da an yi magana ba.

Baba Lado, mijin Goggo, ya ce shi zai sadaukar da kansa. Ya dawo daga wurin tsirensa ya zauna a kicin da hannun riga a naɗe. Goggo tana jin ƙarar cokali daga ɗaki, tana kurɓar romon da na tace mata. "Lado, ina jin ka. Allah ma yana jin ka."

Juma'a, 11 ga Maris

Na taya Baba Lado. Don kare mutuncin gida.

Talata, 15 ga Maris

Hajiya Barakatu ta zo, aminiyar Goggo tun suna 'yan mata. Ita ba ta ajiye kwano ta tafi, zama take yi sai ta ga an ci. Goggo ta yi barcin ƙarya har da minshari. Ya yi yawa. Hajiya ta kalle ni ta ce, "Ya binti, 'yata, me ke damunta takamaimai?" Na ce cikinta ne. Wannan gaskiya ne. Na duba maganar ta kowane gefe, gaskiya ne.

Na sake karanta babin yoyon ɗinkin tumbi a littafin karatuna. Bai kamata ba.

Lahadi, 20 ga Maris

An yi. An cire zoben, an yi takmim ɗin a shiga ɗaya. Likita ya ce hanta ta ragu yadda ake so. Ya ba mu zoben a 'yar roba, Baba Lado ya juya shi ya ce, "Wannan ɗan abin ne ya hana ni cin abinci cikin kwanciyar hankali shekara huɗu?"

Da ta farfaɗo, abin da ta fara tambaya shi ne ko an kashe gas.

Na yi kuka a banɗaki, kaɗan.

Alhamis, 24 ga Maris

Mun dawo gida. Ruwa a ɗan ƙaramin kofin gahawa, kurɓi-kurɓi. Ina bin ta da ma'aunin zafi. Ta ce ko lokacin da take amarya ba a kalle ta haka ba.

Asabar, 26 ga Maris

Ban san ta inda zan fara ba.

Bayan la'asar falo ya cika da mata. Hajiya Barakatu ta shigo da tuwon shinkafa da miyar taushe, da naman kai. Ta wanke hannu, ta zauna gab da Goggo, ta ce ta gaji da ganin kwanonta yana komawa fes alhali mai ciwon tana ta zubewa. Yau da hannunta za ta ba ta. Ta yanko loma, ta ɗora nama a kai. "Yalla, maza, Zubai, buɗe."

Na kalli Goggo. Na ɗauka za ta ce tana jin amai, ko ta koma barcinta. Sai na ga ta kalli matan nan ɗaya bayan ɗaya, ta buɗe baki. Wallahi ta buɗe. Ta gwammace ɗinki ya ɓarke da a ji.

Na riƙe wuyan hannun Hajiya Barakatu. Ni. Matar da ko sunanta ban taɓa kira a gabanta ba. Sannan na faɗi komai: zoben, shekarar da aka sa shi, yadda ya zame, takmim, abin da loma take yi wa sabon ɗinki. Har na zana tumbin a bayan kwalin tishu. Ban san me ya kai ni zane ba.

Goggo ta tashi a hankali ta shige ɗaki.

Hajiya ta mayar da lomar kwano. Ta ce, "Zoben ai mun sani. Lado ya faɗa wa maigidana a wurin tsire tun makon da aka sa."

Na ce to me ya sa ake ta kawo abinci?

"In ba mu kawo ba, ai ta gane mun sani. Mu kunyata ta?" Ta kalli zanena. "Amma ba wanda ya ce mana loma tana kisa. Ke da kika yi karatun, sai yau?"

Baba Lado bai dawo gida ba sai da aka tabbatar masa Goggo ba ta iya ɗaga tabarya tukuna.

Litinin, 28 ga Maris

Ba ta yi mini magana. Tana karɓar kofi dai. In tana son abu sai ta gaya wa bango: "A ce wa daktora ruwan ya yi sanyi."

Laraba, 30 ga Maris

Kwanuka sun tsaya, filas sun fara. Kowace mace da romonta, a tace, ba mai, ba yaji, kuma sai sun tsaya a ƙofa sun tambaye ni ko ya yi. Na mayar da na wata maƙwabciya, Hajiya Zaituna, saboda kitse yana yawo a kai. Ta karɓa ta ce "tayyib", wato ba komai, ta dawo da wani.

Goggo ta ɗanɗana na Hajiya Barakatu ta ce, a gabanta, "Shekara arba'in ban gaya miki ba, ba ki iya romo ba." Hajiya ta ce, "Ke kuma ba ki iya minshari ba." Sun yi dariya har na ce a daina saboda ɗinkin. Suka ce in fita.

Alhamis, 14 ga Afrilu

Likita ya yarda a fara abu mai laushi. Na dafa dankali na murje shi da romo. Ta ci cokali uku, ta zauna tana jiran ya dawo kamar yadda ta saba. Bai dawo ba. Ta daɗe da hannu a ƙirji. Sannan ta ce, da ni take ba da bango ba, "Zakiya, gishiri bai ji ba."

Da yamma ƙawayena suka zo za su bakin teku. Goggo ta ce in tafi, Barakatu tana nan, kuma ta fi ni tsanani yanzu, ko ƙwayar shinkafa ba ta bari ta wuce ƙofa. Na tafi don kada a ce na ƙi, da niyyar in kira gida da zarar mun isa.

Mun sha balila, dafaffen wake mai romo da tsami, iska ta yi daɗi. Sai da muka kama hanyar dawowa na lura wayar tana ƙasan jaka, ban kira ba. Caji dai akwai.