Ƙarfen da ke Ƙugun Baba

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya yara, ya jikin Baba? Ni lafiya lau, abinci ne kawai ya ƙi shiga.

Kin san aikina: muna haɗa ƙarafa, mu duba wata siririyar fata da ke rufe samansu tana hana su tsatsa. Jiya na tsoma wani ƙarfe, irin wanda ake sa wa mutane a jiki, a ruwan gishiri mai ɗumin jikin mutum. Sinadari ɗaya muka rage masa, sai fatar ta huje. Malamina ya yi murna da abin da muka gano, ni kuwa gabana ya faɗi, na tuna ƙarfen da aka sa wa Baba a ƙugu.

Don Allah ki tambayi likita wane iri ne, kada Baba ya ji. In ya tambaye ni, ki ce har yanzu tsatsa nake karantawa, ya yi dariyarsa.

Ƙanwarki