Ƙwayar da Na Ɓoye a Gwangwanin Shayi

Ya sanyin idona, ya Uwar Ɗakin Sanyi, ya wadda harararta ta fi mini murmushin kowa daɗi!

Mai tanderun gasa ƙarfe ne, na ƙarshen barandar sashen bincikenmu. Yau zan tona wa kaina asiri.

Kin tuna ranar da kika fara shigowa ɗakina, salatef manne a hannun rigarki? Kika dangwarar da ƙwayar ƙarfen da na gasa kwana tara, kika ce, "Malam, wannan ƙarfe ne ko ƙanzon tukunya? Na ɓare shi shafi-shafi da salatef, na sanyaya shi har inji ya gaji, amma lantarki sai tuntuɓe yake a ciki." Wallahi ban ji haushi ba, muryarki kawai nake sauraro. Tun ranar na lura ba kya takowa wurina sai aiki ya ɓaci.

To, ya farin watana, ga laifina. Mako uku ke nan da na fitar da ƙwayar da kike nema: mai sheƙi, shafi kan shafi kamar sabon littafi, irin wadda in ta sha sanyi lantarki zai ratsa ta ba turjiya ko kaɗan. Ina dubanta na hango kin gama bincike, kin rataya jaka, baranda ta yi tsit. Sai na jefa ta a gwangwanin shayi, na ci gaba da ba ki ƙanzo. Kina zuwa kina zazzaga mini masifa, ni kuwa ina hamdala a zuci.

Jiya na ji Farfesa yana ce miki in Litinin ta yi babu sakamako, ki tattara kayanki. Kika fito kina share ido. Raina ya ɓaci, na ji kunyar kaina. Wane irin masoyi ne zai sha shayi kusa da hawayenki?

Ke kika koya mini akwai lantarkin da ke bi ta saman irin wannan ƙarfe, ko ya ci karo da datti ba ya juyawa. Haka sona yake, sai dai dattin ni ne.

Ga ƙwayar a ambulan. In tana ƙamshin shayi, ki goge. Ki auna, ki ci nasara, ki tafi inda rabo ya kai ki. In za ki zo zagi, ina nan har ƙarfe biyar. In zagin ya ƙare, akwai kujera, na goge ta tun safe.

Naki har tanderu ya huce, kin kuwa san ba a kashe shi,
Mai Tanderu