Bayan Bangon Wasa

Litinin, 3 ga Maris

Mai zaure ya zo da kansa. Ya ce in wata ya mutu ba mu sabunta haya ba, zai ba wani mai sayar da tayil. Tayil! A zauren da na kafa dandamalinsa da hannuna tun ina kafinta mai zarto ɗaya. Na ce ya kwantar da hankalinsa. Ƙungiyar wasan kwaikwayon nan mutum ɗaya ta taɓa dogara da shi, mai kamfanin sabulu, Allah ya jiƙansa. Shi ma ban taɓa roƙonsa ba, gaisuwa nake zuwa, ya gane. Zan je wurin ɗansa.

Alhamis, 6 ga Maris

Na je. Yaron da yake ɓuya a rigar ubansa in dodo ya fito a wasanmu, yau shi ne a kujera mai juyawa. "Baba, mabiya nawa kuke da su?" Na ce ni ba ɗan siyasa ba ne. Ya yi dariya, ya nuna mini wayarsa. Wai kuɗin talla inda ido yake ake kai shi, ido kuwa yanzu nan yake. Fosta da motar lasifika zamanin mahaifinsa ne. Ya sa aka ba ni kwalin sabulu. Na bar wa mai gadi.

Asabar, 8 ga Maris

Surukata, matar babban ɗana, ta ji muna maganar. Zannuwan gado take sayarwa ta waya daga cikin ɗakinta, ban taɓa ɗaukar abin sana'a ba. Ta durƙusa daga bakin ƙofa ta ce, "Baba, in ba za a ga rashin kunyata ba, a bar ni in zo wurin gwaji in ɗauki bidiyo."

Dokata kowa ya san ta. Ba a kallon gwaji, ba a leƙa bayan bangon wasa. Ta gaba fadar sarki ce, ta baya ƙusoshi ne da tsumma da tsohon ƙyaure. Wanda ya sayi tikiti fada ya zo gani. Na faɗa mata haka. Ba ta yi musu ba, ba ta kuma tashi ba.

Uwar yara ta ce, "Riƙe sirrinka da kyau, mai tayil ne zai gaje shi."

Na ce wa surukata to, sau ɗaya. Ɗaya tak.

Talata, 11 ga Maris

Surukata ta zo. Na zaci za ta tsaya a gaba ta ce kowa ya yi murmushi. Ina! Lungu ta samu ta zauna har aka manta da ita. Dogo, wanda yake fitowa a sarki, ya manta maganarsa kamar kullum, ya juya ya ce wa mai tuna masa, "Kai bafade, me na yi niyyar cewa?" Duk ta ɗauka. Sannan ta zagaya baya, inda nake riƙe da bango da kafaɗata saboda madogarinsa ya karye. Na harare ta. Ta sunkuyar da kai, amma wayar ba ta sunkuya ba.

Kafin ta tafi sai da ta nuna wa kowa nasa. Wanda ya ce a'a, ta goge a gabansa. Wannan ya burge ni, ba zan ɓoye ba. Ni na ce ta yi yadda ta ga dama, wa zai kalli kafaɗar tsoho.

Juma'a, 14 ga Maris

Mai sayar mini da ƙusa ya tare ni da, "Sannu ginshiƙin fada!" Ashe ta saki bidiyon, shi ma ya gani.

Lahadi, 16 ga Maris

Ta zo da shawara, ta bakin mijinta don kada ta yi mini tsaye. Kada mu nemi babban mutum ɗaya. A ce wa masu kallon bidiyon kowa ya ɗauki nauyin kujera ɗaya ta shekara, ya turo ta waya, a rubuta sunansa a bayanta. Na ce wannan ai bara ce da kwalliya. Sai ta yi magana da kanta, a hankali: "Baba, mai bara ba ya ba da komai. Mu kujera muke ba su."

Na yarda, amma da sharaɗi. Na ce sunan ni zan sassaƙa, ba za a manna mini takarda a katako ba.

Laraba, 19 ga Maris

Tunda duniya ta ga bayan bangona, na ce ba zan zauna a kunyata ni ba. Ban gaya wa kowa ba. Na cire ƙusoshin da suka leƙo, na bi da samfefa, na rufe tsohon ƙyauren da sabon falanki, na shafe duka da farin fenti. Ya yi kyau. Kafinta ya san aikinsa.

Alhamis, 20 ga Maris

Ta shigo ta tsaya cak. Sannan ta ce, "Sannu da aiki, Baba." Muryar ba ta sannu ba ce.

Ashe ta yi wa mutane alkawarin za ta nuna musu inda kowane katako ya fito. Wata ma ta rubuto cewa ƙyauren nan irin na gidan kakarta ne, za ta ɗauki kujera saboda shi. Ni kuwa na binne shi. Dogo ya ce, "Ranka ya daɗe, ka yi wa akuya wanka ranar da aka zo sayen ƙazantarta." Ban yi dariya ba. Kuma kujerun da aka ɗauka ba su kai ko kwatan zaure ba.

Asabar, 22 ga Maris

Yarinyar nan! Ba ta ce in kankare ba, ba ta yi ƙorafi wurin mijinta ba. Izini ta nema, ta ɗauki farin bangon, ta ce wa mutane: "Babanmu ya ji kun leƙa bayan gidansa, ya kasa barci sai da ya yi muku shara." Shi ke nan. Ba ƙarya a ciki, ba ta kuma mayar da ni abin dariya ba. Ni da nake taƙamar na san mai kallo, ban taɓa sanin za a iya sayar da kuskure da mutunci haka ba.

Tun azahar wayarta take ƙara.

Laraba, 26 ga Maris

Hannuna ya yi kanta da sassaƙa. Sunayen mutanen da ban taɓa gani ba. Wani direban babbar mota ya ce ba zai samu zuwa ba, a ba ɗalibai kujerarsa. Wata ta sa sunan mahaifinta da ya rasu. Duk wanda ya turo, komai ƙanƙantarsa, sai ta ɗauki hoton kujerarsa ta aika masa, ta gode masa da sunansa. Na tambaye ta ba ta gajiya? Ta ce, "Wanda aka gode wa bana shi ne zai dawo baɗi." A wace makaranta ake koyar da wannan? Tawa dai ba a koyar ba.

Asabar, 29 ga Maris

Ɗan mai sabulu ya kira. Ni ya kira, amma ita yake nema. Yana son sunan kamfani a saman dandamali. Ta dube ni, na bar mata in ga. Ta ce masa saman dandamali na Baba ne, amma akwai sauran kujeru a layin baya.

Ya ɗauki layin duka. Na fita waje don kada a ga bakina.

Litinin, 31 ga Maris

Mai zaure ya karɓa, mun sabunta. Mai tayil ya nemi wani wuri.

Asabar, 5 ga Afrilu

Mun fara haɗa bangon sabon wasa. Da ragowar katako na yi wani ɗan abu mai ƙafa uku, da tsaga a sama daidai kaurin wayar surukata. Na kafa shi a baya, gefen taga, inda haske yake sauka a kan teburin aikina. Ba wai na sauya ra'ayi ba ne, gwaji gwaji ne. Hannunta ne na ga yana gajiya.

Uwar yara ta tambaya me ya sa na sa sabuwar riga zuwa wurin zarto. Na ce ita ce a sama cikin akwati.